Shekarar da Na Buɗe Katin Usmanu

Ibro da Mariyama, wannan babin naku ne fiye da sauran. Na san abin da kuka ji game da barinmu Yamai. Na san an ce wa Ibro a lakwal, wato makaranta, uwarsa ta sa hannu cikin kuɗin mutane aka kore ta, kuma bai taɓa maimaita min ba don kada raina ya ɓaci. A lokacin ban yi muku bayani ba saboda na yi alkawarin yin shiru, ku kuma yara ne. Alkawarin ya daɗe da fita kaina, kun kuma zama iyayen wasu. To ga yadda aka yi.

Bayan rasuwar babanku, Allah ya jiƙan shi, na bar bankin da na daɗe ina yi wa aikin katunan cire kuɗi, na koma ƙaramin kamfanin wani mutum da ake ce wa Mushe Salifu, Mushe ɗin nan na Faransanci mai nufin malam. Abin da muke ginawa lojisiyel ne, wato tsarin da ake buɗewa cikin ordinatar, kwamfuta ke nan, ko tarho, na shirya tafiyar aiki. Idan kamfani zai tura ma'aikacinsa misiyon, wato aiken aiki, zuwa Damagaram ko Tawa ko Kwatano, a ciki zai kama wurin zama a mota ko jirgi, ya kama ɗaki a otal, shugabansa ya amince, duk a wuri ɗaya. Ni aka danƙa wa ɓangaren biya. Na ga yadda babanku ya yi shekaru yana tafiya da ambulan ɗin kuɗi cikin aljihun ciki, yana kwana da shi ƙarƙashin kai a ɗakunan baƙi, don haka na san abin da nake so in kawar. Na tsara katin kamfani wanda ake haifa ranar tashi, ya mutu ranar dawowa, da iyakar abin da zai iya kashewa. Da yake daga an bar manyan garuruwa babu injin karɓar kati, sai na ɗaure shi da tarhon matafiyi, ya iya biyan mai abinci ko mai gyaran taya kamar yadda kowa ke tura kuɗi ta tarho. Wannan ya ci min watanni, kuma har yau ina jin daɗinsa. Tambayoyin aikin ba su ƙarewa. Idan ruwa ya yanke hanya tafiya ta ƙara kwana fa? Idan mutum biyu suka raba ɗaki ɗaya? Idan man mota ya ƙare inda babu gidan mai sai masu sayarwa a kwalba? Kowace tambaya sai na zauna na yi mata hanya.

Babban mai sayen aikinmu wani kamfani ne na masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, da kafa famfo mai aiki da hasken rana. Ma'aikatansu kullum suna daji. Idan suka karɓi tsarinmu mun tsaya da ƙafafunmu, idan suka ƙi, Mushe Salifu ba zai iya riƙe mu ba. Shugaban kuɗinsu, Alhaji Bubakar, dattijo ne mai magana a hankali, kuma ba mugu ba ne. An taɓa cin amanarsa, wani shugaban tawaga ya yi ta kawo masa rasi na ƙarya, wato takardar shaidar biya, har aka kusa sallamarsa shi kansa. Ranar da na nuna masa katin, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ajiye tabarau.

"Madam, aikin ya yi kyau. Amma ina so katin ya biya abin da aka rubuta kafin tashi kawai. Otal ɗin da aka kama, mai daga gidajen man da muka sani, kuɗin abinci. Duk wani abu bayan wannan, sai ni na buɗe da hannuna."

"Alhaji, idan wani abu ya same su a hanya kuma ba a same ka ba fa?"

"Ana samuna."

Na ce masa babu mutumin da ake samu kullum. Na roƙi a bar wata ƙaramar ƙofa ta gaggawa wadda matafiyi zai buɗe da kansa. Mushe Salifu ya taka min ƙafa ƙarƙashin tebur. Da muka fito ya ce in yi haƙuri, gwaji ne kawai, idan an sa hannu a babbar yarjejeniya sai mu lallaɓa dattijon. Aka fara gwajin da katin a kulle.

Da damina ta faɗi, hawan jini ya kayar da Inna, kakarku, ɓarin jikinta ya shanye. Na bar ku a Yamai wurin ƙanwar babanku saboda lakwal, na ɗauki ordinatar na taho Dakoro. Mushe Salifu ya yarda in riƙa aiki daga nan. A gidan wana, kawunku Yaya Abdu, muke. Na kafa tebur a rumfar ƙofar ɗakin Inna, inda rezo, sabis ɗin tarho, ya fi kamawa, ina aiki ina jin numfashinta. Idan wuta ta ɗauke in koma zaure in jona da batirin motar Yaya. Gidan ba ya shiru. Dillalan shanu suna shiga suna fita, matar Yaya tana daka, Inna kuma, da bakinta da ya karkace, ba ta daina tambaya ba.

"Dije, wai mi kike latsawa tun sahe?"

"Inna, kati nake gyarawa, wanda ma'aikata za su riƙa biyan buƙatunsu idan an aike su."

"To aike su da guzuri mana, kamar yadda kowa ka yi."

Na yi zaton Yaya Abdu zai goyi bayana, shi da ya san hanya. Ina! Da na ba shi labarin kullen da Alhaji Bubakar ya sa, sai ya buga cinya.

"Wanga Alhaji ya san mutane. Ni da nike tura yara da shanu har kudu, in ka sakam ma mutum jaka, ka gama da ita. Ki bar shi ya kulle abinshi."

Ranar da abin ya faru, hantsi ya ɗaga, ina ba Inna kunu, tarhona ya yi ƙara. Lambar da muka sa a jikin katin don neman taimako a lokacin gwajin tawa ce. Muryar wani saurayi ce. Ya ce sunansa Usmanu, shi ne shugaban tawagar da aka tura gyaran famfo wajen Mai Yara. Motarsu ta kife a hanyar jar ƙasa da ruwa ya cinye. Shi ya fita da ƙujewa, amma direbansu, Malam Idi, ƙafarsa ta karye har ƙashi ya fito. Wata motar kasuwa ta kwaso su zuwa gidan likita na Dakoro. Ya je farmasi, katin ya ƙi. Bai san cewa matar da yake magana da ita tana cikin garin ba. Na ajiye kofin, na kira matar Yaya ta zauna da Inna, na hau kabu-kabu.

Na iske Malam Idi kwance, dattijo ne mai furfura a gemu, ya ciji gefen rawaninsa, ba ya ko nishi. Ma'aikatan likita sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun tsayar da jinin, sun ɗaure. Dokta ya ja mu gefe ya ce aikin ya fi ƙarfin wurin. Dole a kai shi Maraɗi yau, wurin mai aikin ƙashi, idan an yi jinkiri ƙafar za ta tafi, wataƙila ba ita kaɗai ba. Ana buƙatar man ambilans, da magunguna, kuma kilinik ɗin da mai aikin ƙashin yake sai an ajiye wani abu kafin su shiga da shi. Abin da ke cikin tarhona na biya magungunan farko da shi, jinyar Inna ta riga ta cinye sauran. Na kira Yaya Abdu, yana kasuwar Kornaka, tarhonsa yana ta ƙara cikin hayaniyar kara, wurin cinikin shanu, babu mai ɗauka. Usmanu ya kira Alhaji Bubakar har hannunsa ya gaji. Daga baya muka ji yana cikin jirgi zuwa ƙasar waje. Usmanu ya kira biro ɗinsu, wato ofis, aka ce babu mai ikon buɗewa sai Alhaji, za su nemi yadda za a yi, a ɗan jira. Kuɗin tafiyar kuwa suna nan cikin katin, ina ganinsu a fuskar tarhona, an ware su domin waɗannan mutanen.

Na fita ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro na kira Mushe Salifu.

"Mushe, ina da mabuɗin. Zan iya cire kullen daga nan."

"Hadiza, kada ki taɓa. Mabuɗin gyara ne aka ba ki, ba na kashe kuɗin mutane ba. Banki zai gani, Alhaji zai gani. Ki ba ni lokaci in nemo wani."

"Lokacin nawa?"

"Ban sani ba. Ki jira."

"Ƙafar mutumin ba za ta jira ba. Ina sanar da kai ne, don kada ka ji a bakin wani."

Ya kira sunana sau biyu, na kashe. Ina so ku gane wannan da kyau: ban rikice ba, kuma ba kuskure na yi ba. Na san dokar, ni na rubuta rabinta. Na koma gida da gudu, na buɗe ordinatar a kan tabarmar Inna, na shiga da sunana, ba da na wani ba. Akwai hanyar da zan bi abin ya zama kamar tsarin ne ya samu matsala, na san ta, ban bi ta ba. Na buɗe katin Usmanu ga magani da mai da kilinik kawai, na rubuta dalili a wurin da ake rubutawa. Kafin azahar ambilans ta kama hanyar Maraɗi.

Yaya Abdu ya dawo da la'asar, ya ji labari, ya tsaya tsakar gida ko takalmi bai cire ba.

"Da kin jira ni! Da na saida bijimi guda an wuce wurin. Yanzu kin sa wuyanki cikin igiya don mutumin da ba ki sani ba. Ɗiyanki fa? Marayu na, Dije."

"Yaya, na kira ka."

"To ki kira maigidanki na wurin aiki ki ba shi haƙuri. Ki ce ruɗewa kinka yi, ke mace ce, kin ga jini. Za su yahe."

"Ban ruɗe ba."

"Ki ce hakanan mana! Mi zai rage ki?"

Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Inna tana ciki tana jin komai. Da na shiga gyara mata kwanciya, ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta daɗe tana haɗa kalmomin.

"Mutumin ya kai Maraɗi?"

"Ya kai, Inna. Sun shiga da shi."

"To. Ɗauko min ruwa."

Na ɗauko mata.

Washegari aka rufe min hanyar shiga tsarin. Banki ya aiko da tambaya. Alhaji Bubakar ya sauka daga jirgi ya iske saƙo cewa wata ma'aikaciyar wani kamfani ta buɗe kuɗinsu ba da izini ba, ya ce a dakatar da gwajin. Aka kira ni Yamai. Kun tuna zuwan da na yi ba zato, na kwana biyu, Mariyama tana ta murna tana zaton na dawo ke nan. A cikin motar tun daga Maraɗi ban shirya ban haƙuri ba. Zanen ƙofar gaggawa na shirya, a bayan takardar maganin Inna, domin sun karɓe komai nawa na aiki.

A ɗakin taro akwai Alhaji, da Mushe Salifu, da wani mutum daga banki. Alhaji ne ya fara, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne.

"Madam, na gode wa Allah da Idi yana raye. Ni na ɗauke shi aiki. Amma yau kin buɗe don ceton rai. Gobe wani mai irin mabuɗinki zai buɗe don gina gida. Ta yaya zan ba ku amanar kuɗin kamfani?"

"Ba za ka iya ba, Alhaji, idan tsarin ya zauna yadda yake. Bai kamata wani irina ya iya abin da na yi shi kaɗai ba. A karɓe wannan mabuɗin daga hannun kowa a cikinmu. Amma bai kamata kuma rai ya rataya a kan ko tarhonka yana kunne ba."

Na shimfiɗa musu zanen. Matafiyi yana da maɓalli ɗaya a tarhonsa. Idan ya latsa, katin zai buɗe nan take ga abubuwa kaɗan: jinya, gyaran mota da mai, wurin kwana. Akwai iyakar da kamfani zai sa da kansa. A daidai lokacin saƙo zai tafi wa shugabanni, ba mutum ɗaya ba, da sunan wanda ya latsa da inda yake da wanda ya biya. Ƙofar za ta rufe kanta bayan ɗan lokaci. Idan ya dawo zai yi bayani, idan ƙarya ya yi a hukunta shi. Bambancin kawai shi ne bayanin yana zuwa bayan an ceci mutum.

"Za su sata," in ji Alhaji.

"Wasu za su gwada. Za ka gan su a ranar."

Mutumin banki ya ce zanen bai saɓa wa dokarsu ba, amma wannan wata magana ce daban. Maganar da ta kawo shi ita ce ni. Dole rahotonsa ya nuna an ɗauki mataki. Aka ce in fita in jira. Na zauna a baranda ina kallon masu wankin mota har Mushe Salifu ya fito. Fuskarsa ta faɗa. Mutum ne mai kirki, kuma albashin mutane da yawa yana wuyansa. Ya ce akwai hanya biyu. Ta farko, in sa hannu cewa na yi kuskure cikin ruɗewa, a rage min matsayi, in ci gaba da aiki, katin kuma ya zauna a kulle yadda Alhaji yake so, a bar maganar ƙofa har abada. Ta biyu, in tafi. Idan na tafi, Alhaji zai iya ce wa shugabanninsa an hukunta mai laifi an kuma gyara tsarin, to a nan zai yarda a gwada ƙofar. Sharaɗinsa kada in yi maganar da kowa, don kada ma'aikatansa su ji cewa kullensa ya kusa kashe mutum.

"Ki ɗauki ta farko, Hadiza. Kina da yara."

"Idan na tafi, wa zai gina ƙofar?"

"Samarin nan za su yi."

"Ba za su yi ta daidai ba. Ni zan gina ta, daga Dakoro, ba da sunana ba. Idan na gama ku rufe min hanya. Kuma a sa ta cikin yarjejeniyar, ba a baki ba."

Ya koma ciki, aka tsaya a kan hanya ta biyu da sharaɗina. Na san abin da na saya da abin da na sayar. Wanda banki ya rubuta sunansa a irin wannan rahoto ba ya sake samun aikin kati a ƙasar nan, kuma haka aka yi, ban sake samu ba. Ina tunanin ku a barandar nan, kada ku yi zaton ban yi ba. Na ga gidanmu na haya, na ga lakwal ɗinku mai tsada, na ga Ibro da ya rage masa kaɗan ya gama lise, babbar sakandare, tare da abokansa. Amma na kuma ga cewa idan na sa hannu a takardar farko, kowane direba da za a tura daji zai tafi da katin da ni na gina, wanda na san zai ƙi shi ranar da ya fi buƙata, kuma ni zan riƙa karɓar albashi a kan haka. Na auna, na ga ba zan iya ba. Zaɓina ne, amma ku kuka biya babban rabo, kuma ban tambaye ku ba. Wannan ma gaskiya ne.

Kafin a koma lakwal na kwashe ku zuwa Dakoro. Mariyama ta yi kuka a hanya, bayan sati guda kuma ta shige cikin 'ya'yan Yaya kamar a nan aka haife ta. Ibro bai yi kuka ba. Ya daina yi min magana, sai gaisuwa. Ya daina cin abinci a ɗakina, ya koma cin na zaure tare da dillalai. Yaya Abdu, duk da faɗan da ya yi, shi ya ware mana ɗakuna biyu, shi ya kai Ibro lise da kansa, kuma bai taɓa ce min ai na faɗa miki ba. Sai dai idan ya wuce ni ina aiki ya girgiza kai ya ce, "Har yanzu bautar mutanen da sunka kore ki kike yi?"

Bautar na yi, har kaka ta wuce, da kayan aikin da hanyar shiga da suka mayar min don wannan kawai. Aikin ya fi yadda na zana wuya. Yaya maɓallin zai yi aiki inda rezo yake zuwa yana ɗaukewa? Na sa ya iya tafiya ta gajeren saƙo, ko da tarhon ba na zamani ba ne. Idan shugaban tawaga ne ya suma fa? Na sa kowane ɗan tawaga, har direba, yana da nasa ikon latsawa, kuma a kan wannan sai da muka yi sati muna ja da mutanen Alhaji, waɗanda suke ganin direba bai kai ba. Yaya tsarin zai gane cewa wanda aka biya farmasi ne ko mai gyaran mota, alhali yawancinsu lambar tarho kawai gare su? Ba zai gane ba koyaushe, don haka na sa matafiyi ya zaɓi dalili, ya ɗauki nauyin abin da ya zaɓa. Na hau kabu-kabu na fita bayan gari, na bi hanyar Mai Yara har inda rezo ke mutuwa, ina latsawa ina dubawa, manoma suna kallona suna zaton wata mai auna filaye ce. Game da Malam Idi, Usmanu ya kira ni ya ce an ceci ƙafar amma ta sandare, tuƙi ya ƙare masa, sun ba shi aikin gadin ma'ajiya. Ban sake ganinsa ba, kuma ban tsammanin ya san sunana.

Aka saki ƙofar farkon sanyi, aka rufe min hanya kamar yadda muka yi. Ba a yi sati biyu ba Mushe Salifu ya kira ni. Mutum na farko ya latsa. Wani ma'aikaci ne a Tawa. Ya zaɓi jinya, ya tura kuɗin ga mai shagon shadda, aure zai yi. Alhaji ya ce a rufe ƙofar, yarjejeniya ko ba yarjejeniya.

Ina zaune a rumfa lokacin, rana tsaka, 'yan lakwal sun fara dawowa. Ni ba ma'aikaciyar kowa ba ce a ranar, ba ni da hurumin kiran Alhaji Bubakar. Na kira shi.

"Madam, kin ji abin da ƙofarki ta yi."

"Na ji, Alhaji. Yaushe ka sani?"

"A ranar. Saƙo ya shigo min ina salla, na fito na gani."

"Wancan da ya yi ta kawo maka rasin ƙarya, yaushe ka gane shi?"

Na ji yana jan numfashi.

"Ka hukunta mai shadda yadda ka ga dama, Alhaji, kowa ya gani. Amma yanzu haka kana da mutane a daji, ban san sunayensu ba, kai ka sani. Kada ka rufe musu saboda shi. Ni na riga na biya kuɗin ƙofar nan, kuma ba ni kaɗai na biya ba."

"Ke dai ba ki gajiya."

"Na gaji, Alhaji. Ban gama ba ne."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce zai bar ta zuwa ƙarshen damina mai zuwa ya gani, idan aka sake yi masa irin wannan sau da yawa, ko ni ko wa ba zai saurara ba. Na ce na yarda. Damina ta zo ta wuce, ba a rufe ba. An sake samun masu gwadawa, an kuma samu waɗanda ta fitar daga wahala, amma waɗannan duk daga baya na ji su.

Na ajiye tarhon. Na ɗaga kai sai na ga Ibro tsaye a bakin zaure da jakar lakwal a kafaɗa. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Ibro, ba ka san wace ƙofa ake magana ba, ba ka san wane ne Alhaji ba, ban kuma da ikon gaya maka. Ka tako har bakin rumfa, karo na farko tun zuwanmu.

"Sun rufe?"

"Ba su rufe ba."

Ka gyaɗa kai. Ka ajiye jakar, ka wanke hannu a butar Inna, ka jawo kwanon tuwon da ke gefena ka buɗe. Na matsa maka a kan tabarma, muka ci.